Filin Mata: Gwaninta Ya Ba Ta Kunya

Zancen yaye da mu ka fara, mu ajiye shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Yau zancen ƙwallon kwando za mu yi. Na san wata uwargida ta riga ta taɓe baki, tana cewa, "Mu da tukunya ke kan wuta, ina ruwanmu da ƙwallon mutanen Amurka?" Yi haƙuri, 'yar'uwa, ki karanta har ƙasa. In dai kina da 'ya ko ƙanwa mai riƙe waya a hannu, to, da ruwanki.

Abin da ya kawo zancen takarda ce daga wata 'yar makarantar sakandare ta 'yan mata, wadda ke cikin masu yi wa makarantarsu wasa. Ta roƙa a sakaya sunanta, an kuwa sakaya. Ta ce: "Gwaggo, tun 2022 ba ni da gwani duk duniya sai Ja Morant. Saboda shi na fara wasa. Hotonsa na cikin akwatina. Na yi faɗa da ƙawayena har sau biyu don sun zage shi. Yanzu kuwa ko ganinsa na yi a waya sai in ji raina ya ɓaci, har wasan ma ya fita kaina, ina so in gaya wa malama ta cire sunana. Gwaggo, wauta na yi da na so shi?"

Kafin in ba ta amsa, bari in yi wa iyaye bayani, don mu san abin da a ke magana a kai.

Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar-biyar. Kowane ɓangare na ƙoƙarin jefa ƙwallo da hannu cikin wani zobe mai raga, wanda a ke kafawa a bisa, tsayin ƙafa 10. Wani malamin motsa jiki, James Naismith, shi ya ƙago shi a 1891 a garin Springfield na Amurka, da ainihin kwandunan zuba 'ya'yan itace ya fara, shi ya sa sunan ya bi wasan. Mata ba su yi jinkiri ba, a 1892 wata malama mai suna Senda Berenson ta koya wa ɗalibanta 'yan mata a kwalejin Smith. Babbar gasar maza ta Amurka ita ce a ke kira NBA. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace ta kan yi wasa 82 a shekara kafin a shiga na neman kofi. In an fara wasa a birnin Memphis da ƙarfe 7 na yamma lokacin sanyi, mu nan ƙarfe 2 na dare ne. Saboda haka uwargida, in kin ga haske ƙarƙashin bargon 'yarki da tsakar dare, wataƙila abin ke nan.

To, wane ne Ja Morant? An haife shi a 1999 a Dalzell, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Karolina ta Kudu. Ubansa ya taɓa wasa, uwarsa ma ta yi wasa tana 'yar makaranta. Uban ne ya horar da shi a bayan gida, ya samo tayoyin tarakta ya jera masa, yaro ya yi ta tsalle a kansu har ƙafafunsa su ka yi ƙarfi. Duk da haka manyan jami'o'in da ke farautar yara masu wasa ba su kula da shi ba, don ba shi da jiki. A 2016 wani mataimakin mai horarwa na jami'ar Murray State, James Kane, ya je kallon wani yaro dabam a wurin taron wasa. Yunwa ta kama shi, ya fita neman abin da zai sa a baki, sai ya leƙa wani ɗan zauren wasa na gefe, ya ga wani siririn yaro na yin abin mamaki. Ta haka a ka gano shi. Ku dubi ikon Allah, yunwar wani ta zama arzikin wani.

A 2019 ƙungiyar Memphis Grizzlies ta ɗauke shi, shi ne na 2 cikin duk sababbin da a ka zaɓa a wannan shekara. A 2020 a ka ba shi lambar gwanin sababbin shiga. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 2, wanda a garinmu dogo ne, amma a cikin waɗannan ƙattai yaro ne ƙarami. Sai dai in ya tashi sama, kai ka ce ƙasa ba ta da iko da shi. Ran 28 ga Fabrairu 2022, ya ci maki 52 shi kaɗai a wasansu da San Antonio, har ya tashi bisa kan wani ƙato mai tsawon kimanin ƙafa 7 ya dankara ƙwallo cikin zobe. Hoton wannan tsalle ya zaga duniya, kuma ina zato shi ne ya shigo wayar 'yar tamu. A watan Yuli na shekarar ya sa hannu bisa yarjejeniyar shekara 5, ta dala miliyan 193. Kamfanin Nike ya yi takalmi da sunansa.

Kun ga ke nan yarinyar nan ba a banza ta so shi ba. Yarinya gajeruwa, wadda a ka ce mata ba ta da jikin wasa, ta ji labarin wani wanda shi ma a ka raina, ya fito daga ƙauye ya gagari kowa. Wa zai ƙi irin wannan labari?

Ran 4 ga Maris 2023, da sauran dare, bayan Denver ta cinye su, Morant ya tafi wani gidan rawa a gefen birnin. Ya kunna wayarsa ta Instagram yadda duk duniya za ta gan shi nan take, yana rawa, yana nuna ƙaramar bindiga. 'Yan sanda su ka bincika, ba su kai shi ƙara ba. Amma hukumar NBA ta dakatar da shi wasa 8 ba albashi. Kamfanin abin sha na Powerade ya janye tallar da ya yi da shi. Shi kuwa ya ba da haƙuri, ya tafi Florida wurin masu ba da shawara, ya gana da shugaban NBA, Adam Silver, ya zauna gaban talabijin ya ce bindigar ba tasa ba ce, amma ya ɗauki laifin, kuma jama'a za su ga ya sake hali.

A nan ne 'yar tamu ta yi faɗanta na fari. Ta ce ta gaya wa ƙawayenta kowa na kuskure, yaro ne mai shekara 23, kuma ai ya tuba. Ni ban ga laifinta ba a nan. Wanda ya yi laifi ya ce ya tuba, karɓa a ke yi, haka a ka koya mana.

Mako 10 cif bayan na fari, ran 13 ga Mayu, sai ga wani hoton kuma. Wannan karo cikin mota, a wayar abokinsa, suna jin kiɗa, sai ga shi ya ɗaga bindiga. Abokin ya yi maza ya kau da wayar, amma ina, an riga an gani. Adam Silver da bakinsa ya ce abin ya girgiza shi. A watan Yuni a ka dakatar da shi wasa 25, abin da ya ci masa albashi fiye da dala miliyan 7. Ban da wannan, a shekarar ba a sa shi cikin jerin gwanayen gwanaye na gasar ba, wanda da ya shiga da yarjejeniyarsa ta ƙaru da kusan dala miliyan 39. Ya sāke ba da haƙuri, da kalmomi kusan irin na farko. Mu Hausawa muna da suna ga wannan, tuban muzuru.

Ina so mu tsaya nan kaɗan, don a nan ciwon ya ke. Shi Morant bai san da zaman yarinyar nan a duniya ba. Amma ita ta sa bakinta a kansa gaban ƙawayenta, ta tsaya masa kamar yadda a ke tsaya wa ɗan'uwa. Da hoto na biyu ya fito, shi yana can Amurka cikin gidansa mai katanga, ita ce ta shiga aji da safe a ka yi mata dariya. Duk wadda ta taɓa rantsewa bisa gaskiyar wani, sa'an nan ya kunyata ta, ta san zafin wannan. Wanda ya yi laifi ya kan ɗauki rabin kunya, mai tsaya masa ya ɗauki rabi, wani lokaci ma mai tsayawar ya fi ɗaukar mai nauyi.

Wata za ta ce, to, in bai karya doka ba, mene ne abin tashin hankali? Gaskiya ne ba a gurfanar da shi gaban alƙali bisa waɗannan hotuna ba, kuma jihar Tennessee, inda Memphis ta ke, tun 2021 ta yarda baligi ya ɗauki ƙaramar bindiga ko ba shi da takardar izini. Amma ku ji irin garin. Memphis birni ne a bakin kogin Misisipi, mutanensa dubu 600 da ɗoriya, yawancinsu baƙar fata. A wannan shekara ta 2023 an kashe kusan mutum 400 a cikinsa, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin birnin, mafi yawa kuwa da bindiga. A 2021 an harbe wani shahararren mawaƙin garin, Young Dolph, da rana tsaka, ya shiga kanti sayen biskit. A ƙasar Amurka baki ɗaya, a 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa. To, ku auna uwa a wannan gari, wadda ta binne ɗanta na fari, ta tara kuɗi ta saya wa na biyu riga mai lamba 12, lambar Morant, don ya so wasa ya bar yawon titi. Sai ta wayi gari ta ga mai rigar yana wasa da abin da ya kashe mata ɗa, yana dariya. Dokar ƙasa ba ta hana shi ba, amma akwai abin da ko doka ba ta hana ba, kunya ta kan hana.

Da a ce labarin ya ƙare nan, da ya yi wa 'yar tamu sauƙi, ta yi fushi ta huce. Amma gwani ba ya barin mai sonsa ya huta. Ƙungiyarsa ta yi wasa 25 ba shi, ta ci 6 kacal. Ran 19 ga Disamba 2023 ya dawo, a New Orleans. An ba su ratar maki 24, ya ja su su ka kamo, ya ci maki 34, shi ne kuma ya jefa ƙwallon ƙarshe daidai lokacin da a ka busa tashi. Ta ce a daren nan ta yi tsalle har ta ta da 'yan ɗakinsu, ta mai da hoton da ta cire. So hana ganin laifi. Wasa 9 kaɗai ya yi, kafaɗa ta goce, a ka yi masa aiki a watan Janairu 2024, shekarar ta tafi.

A watan Afrilu 2025 ya koma in ya ci ƙwallo sai ya miƙa hannuwa kamar mai harbi da bindiga. Hukuma ta gargaɗe shi. A wasa na gaba, a Miami, ya sāke, a ka ci shi tarar dala 75,000. Bayan 'yan kwanaki sai ya canja salo, ya riƙa yin kamar ya zare gurneti ya jefa cikin 'yan kallo, ya toshe kunnuwa. A watan Nuwamba 2025 kuma ƙungiyarsa da kanta ta dakatar da shi wasa 1, bayan ya amsa wa 'yan jarida da gatse game da masu horar da su. In an ɗauki waɗannan ɗaya-ɗaya, ba wani babban abu ba ne, yatsu ba su kashe kowa. Amma ga mutumin da ya tsaya gaban duniya sau biyu ya ce ya gane, sai abin ya zama kamar yana yi wa waɗanda su ka yafe masa gwalo. Yarinyar ta ce a wannan karo ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta ma yi fushi ba, gajiya kawai ta ji. Ni kuwa na ce gajiyar nan ta fi fushi nisa, don mai fushi bai gama da kai ba tukuna.

Yanzu ga amsarki, 'yata. Ba ki yi wauta ba. Abin da idonki ya gani gaskiya ne: tsallen gaskiya ne, tayoyin tarakta gaskiya ne, maki 52 ba wanda ya ba shi kyauta. Inda a ka yi miki rinto shi ne, an haɗa miki da abin da ido ba ya gani daga nesa. Masu sayar da takalmi sun san ba a biyan dala 110, kuɗin takalmin Morant na fari sa'ad da ya fito a 2023, don roba da zare. Labari a ke saye. Saboda haka su kan ɗauki gwanintar mutum su naɗe ta da kyawun hali, su miƙo miki a ƙunshi ɗaya, ke kuwa ba ki da hanyar kwancewa ki duba. Manya masu gemu ma haka a ke yi musu.

Wannan gardama tsohuwa ce a can. A 1993 wani gwani, Charles Barkley, ya fito cikin tallar Nike ya ce shi ba abin koyi ba ne, biyansa a ke yi ya yi wasa, tarbiyyar yara kuwa aikin iyayensu ne. Wani gwanin, Karl Malone, ya mayar masa da amsa a mujalla, ya ce wanda ya shahara ba shi ke zaɓen zama abin koyi ba, an riga an zaɓe shi, abin da ya rage masa ya zama na kirki ko na banza. Ni ina bayan Malone. Barkley ya yi gaskiya da ya ce tarbiyya tamu ce, amma ba ya yiwuwa mutum ya karɓi kuɗin da son yara ya kawo masa, in an zo zancen hali kuma ya ce ba ruwansa da yara.

Kada kuma ki koma ɗaya gefen, ki ce Morant shaiɗan ne. Yaro ne da dukiya ta faɗo wa kamar rufin ɗaki tun bai kai 25 ba, kowa na kusa da shi yana ci daga hannunsa. Wa zai ce masa bari? Ki yi masa fatan shiriya, ki bar shi da halinsa. Ba dole ne ki mai da hoton cikin akwati ba, ba dole ne kuma ki ƙone shi ba.

Amma zancen ki ce wa malama ta cire sunanki, wannan ban yarda ba ko kaɗan. Shi ya yi laifi, ke za a hukunta? Hannun da ya koyi jefa ƙwallo naki ne, asubar da ki ka yi ta tashi kina gudu taki ce, Morant bai ba ki aronsu ba balle ya karɓe. Wasan ya girme shi da shekara fiye da 100. Ki duba gida ma. 'Yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun ci kofin Afirka sau 5 a jere, a 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A wasannin Olamfik na Faris a 2024, ƙarƙashin mai horarwa mace, Rena Wakama, sun cinye Ostireliya da Kanada, su ka shiga cikin takwas na ƙarshe, abin da ba wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Ban ce ki cire hoton wani ki liƙa na wata ki sāke rantsewa a kanta ba. Ki kalli yadda su ke tsaron gida, yadda su ke miƙa wa juna ƙwallo, ki ɗauka ki kai filin makarantarku. Shi kansa Morant, in kin ga ya yi wata dabara mai kyau, ɗauke ta, ba haram ba ce.

Ku kuma iyaye, ga tawa gare ku. In 'yarku ta zo da irin wannan ɓacin rai, kada ku yi mata dariya, kada ku ce, "Da ma na gaya miki." A wurinku wani baƙo ne can ƙetaren teku. A wurinta kuwa wannan ne karo na fari da ta ga mutum na iya zama gwani ƙwarai, mai fara'a, mai daɗin baki wajen ba da haƙuri, amma maganarsa ba ta kama ƙasa. Gara ta koyi wannan karatu a kan wanda ke nesa da mil dubbai, da ta koye shi a kan wanda zai yi sallama a ƙofar gida nan da shekara kaɗan. Ku zauna ku tambaye ta, a wane karo ne ta daina gaskata shi, kuma me ta gani? Za ku sha mamakin hankalin da ke bakinta. Wayar tsakar dare dai a karɓe ta ran da akwai makaranta, ai da safe a kan nuna guntayen wasan.

Sai zancen takalmi, don na san shi ne ke kawo rigima a gidaje da yawa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, wanda ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995, yana wasa da azumi a bakinsa cikin Ramadan, ya sa sunansa a 1995 bisa takalmin kamfanin Spalding da a ke sayarwa dala 35, lokacin da na sauran gwanaye ya haura dala 100. Dalilinsa shi ne uwa matalauciya mai 'ya'ya uku ba ta iya sayen masu tsada. In za ku saya wa yarinya takalmin wasa, ku bar duban sunan da ke jikinsa. Ku duba ƙasansa ya zama roba mai kama daɓe, ba mai santsi ba, ya riƙe idon sawu sosai, a bar kuma sararin babban yatsa ɗaya a gaba, don ƙafar yarinya ba ta gama girma ba. A gwada shi da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ta yi wasa da ita.

Mako mai zuwa sai mu koma kan yaye, da irin kunun da ya kamata a fara ba yaro.